Raɗin Suna a Bakin Tafki

Takardar ta zo daga Santiyago a jakar mai kwalekwale,
gefenta ya jiƙe, tawada ta ɗan zube.
Gurbin farko: Sunan kamfani.
Na biyu: Bayyana shi cikin kalma ashirin, kada a zarce.
Ni ce magatakarda, ni aka miƙa wa alƙalami.

Muka taru a ajin makaranta, mu goma sha tara,
manya a kujerun yara, gwiwa na gaida haɓa.
Murhu na cin itace, ruwa na dukan kwano,
ƙoƙon shayi na yawo daga hannu zuwa hannu.

Ga dukiyar da za a raɗa wa suna:
turaku uku a kan duwatsu uku,
faranti masu shan rana, batir goma sha biyu,
sai Yerko ɗan Ercilia,
mai hawa ya kankare ƙanƙara duk ranar da layi ya ɗauke.

Baldomero Cárcamo ya miƙe, ya gyara zaman hula:
"Suna linzami ne. A sa masa Gama Duniya,
ko Walƙiyar Kudancin Chile,
don na birni su ji, su gyara zama."

Aladino mai tumaki ya kusa ƙwarewa.
"Duniyar da ta ƙare a bayan shingena?
Jiya na bi tunkiya taku hamsin, waya ta zama dutse.
Kada mu ɗinka wa jariri babbar riga,
tuntuɓe zai yi."

Wani ya ce a haɗa haruffan farko na ƙauyukanmu biyar.
Muka gwada. Abin ya fito kamar atishawa.

Duk wannan, Eduvigis Millacura na saƙa a lungu,
ba ta ɗaga kai ba da ta fara magana:
"Kafin turakunku, wuta muke hurawa a kan tudu,
mu zuba mata ɗanyen ganye, na ƙetare su gani.
Hayaƙi ɗaya, a zo da jirgi.
Biyu, akwai marar lafiya.
Uku, a taho da shebur.
Yammacin da ƙirjin Rudecindo ya riƙe,
biyu na hura.
Iska ta kwantar da su a kan ruwa, ba wanda ya gani.
Da gari ya waye, sama ta yi tsit,
sai na ƙara na uku.
Shi kam ya miƙe sak."

Itace ya fashe a murhu. Ba wanda ya karɓi ƙoƙo.

Baldomero ya ce, a hankali wannan karon,
"Ai hayaƙi ba ya daɗewa."
Yerko ya dubi tafin hannunsa da sanyi ya tsattsaga:
"Layinmu ma haka. Gara sunan da ba ya ƙarya."

Na rubuta Hayaƙi, da harshenmu, da manyan baƙaƙe.
Sannan gurbi na biyu:
Ƙaramin layi ne na mutanen bakin tafki.
Ba ya zuwa nesa, amma yana ƙetare ruwa,
ko da dare, ko da iska.

Na ƙirga sau biyu. Ashirin da ɗaya.
Aka ce in cire guda. Na rufe alƙalami.
Su cire da kansu a Santiyago,
in sun san wadda za a raba mu da ita.

Muna ɗaura takalma, waya ta yi kuka a aljihun Eduvigis,
layin gwaji, murya na yankewa tana dawowa.
Jikarta ce daga ƙetare.
Ba ciwo, ba rashi, ba ta neman jirgi,
wai kawai, "Kaka, kin ci abinci?"

Tsohuwa ta daɗe tana kallon wayar bayan an katse.
Ta ce, "Wannan kam,
ba mu taɓa samun hayaƙin da zai faɗe shi ba."
Ta soke allura a dunƙulen zare,
ta fita cikin ruwan.